Kifi da Ruwansa: Tsokaci a Kan Alhakin Mashayi

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi a Zangon Agege bayan sallar isha'i, ya san cewa hira ba ta daɗewa ba ta gangaro kan matasa ba. Wani dare muna zaune a irin wannan majalisa, sai ga wani saurayi ya biyo gefen layin dogo yana tafe yana magana shi kaɗai, idanunsa sun kaɗa sun yi jawur, ya wuce dattawa ko sallama babu. Wani tsoho mai sayar da goro ya bi shi da kallo, ya ce wannan ai ɗan banza ne, shi ya sayi wiwi da kuɗinsa, shi ya kunna da hannunsa, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Wani mahauci da ke gefensa, wanda ya san yaron tun ranar da ya sauka Ikko, ya girgiza kai ya ce, "Haba Baba, a daina zaginsa. Wannan yaro ladabinsa har ya yi yawa, hayaƙi ne kawai ke tafiya da ƙafafunsa." Aka yi ta musu har mai shayi ya kashe risho, babu wanda ya ja da baya.

Wannan musu ya girmi mutanen da suka yi shi, domin kuwa tambayar da ke ƙarƙashinsa ta daɗe tana wahalar da malamai da masu falsafa. Idan wani abu ya shiga jikin mutum ya sauya masa hali, to, alhakin abin da ya aikata yana wuyan wa? Tambayar kuwa ta shafe mu ƙwarai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa 'yan Nijeriya kimanin miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a cikin shekara guda, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu tabar wiwi suka sha. A wannan maƙala za mu nemi haske daga wurin da tsoho mai goro da mahauci ba za su taɓa zato ba, wato daga wani ɗan kifi wanda tsawonsa bai kai na ɗan yatsa ba.

Ɗan kifin da ya shiga jami'a

Asalin wannan kifi daga ƙoramu da fadamun shinkafa na Indiya da Bangaladash yake. Tsawonsa bai cika wuce santimita 4 ba, kuma yana da ratsi-ratsi shuɗaye daga kai zuwa wutsiya, abin da ya sa Turawa suka laƙaba masa sunan jakin dawa. Mu a nan za mu kira shi kifi mai ratsi. Wani masani na Jami'ar Oregon ta Amurka, George Streisinger, shi ne ya shigar da shi ɗakin gwaje-gwaje, kuma aikin da ya wallafa a 1981 ya jawo hankalin masana zuwa gare shi. Dalilan son sa a fili suke. Mace ɗaya takan saki ƙwai ɗari biyu ko fiye a lokaci guda. Ƙwan garau yake kamar gilashi, ta yadda mai bincike zai zuba ido a madubin ƙara girma ya ga zuciya ta fara bugawa bayan kwana ɗaya kacal. Cikin kwana biyu zuwa uku ya ƙyanƙyashe, a kwana na biyar kuwa yana iyo yana farautar abinci da kansa. Daɗin daɗawa, lokacin da aka kammala karanta ƙwayoyin gadonsa a 2013, sai aka tarar kimanin kashi 70 cikin ɗari na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikin wannan ɗan taliki.

Ita kuwa tabar wiwi tana ɗauke da sinadarai fiye da ɗari na dangi guda, waɗanda masana ke kira kanabinoyid. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tace babban mai sa maye daga cikinsu a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, shi ne ake kira THC. Akwai kuma ɗan'uwansa CBD, wanda ba ya bugarwa. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne, ta wace ƙofa ganyen daji ke shiga ƙwaƙwalwa? Amsa ta zo sannu a hankali. A 1990 aka gano siffar wani kwaɗo a jikin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, aka sa masa suna CB1, a 1993 kuma aka gano na biyu, CB2. A tsakaninsu, a 1992, aka gano cewa jiki da kansa yana ƙera mabuɗin da ke buɗe wannan kwaɗo, aka raɗa masa suna anandamid, daga kalmar Sanskirit mai nufin ni'ima. Da wannan mabuɗi na halitta jiki ke daidaita sha'awar abinci da jin zafi da tsoro da tunawa, kuma yana taimaka wa jijiyoyi su sami hanyarsu tun halitta tana ɗan tayi. Saboda haka THC mabuɗi ne na sata wanda ya dace da kwaɗon gida, yana buɗewa ba a kan lokaci ba, kuma ba a kan ma'auni ba. Kifi mai ratsi yana da waɗannan kwaɗuna duka biyun, shi ya sa ake iya yi masa tambayar da ba za a iya yi wa ɗan mutum ba.

Abin da aka gani a cikin ruwa

Mai karatu zai iya tambaya, yaya ake gane halin kifi alhali ba ya magana? Akwai dabara. Idan aka ɗauki kifin aka jefa shi cikin sabon akwatin gilashi, sai ya nutsa ƙasa ya lafe don tsoro, sa'an nan da hankalinsa ya fara kwanciya sai ya riƙa hawowa sama yana leƙe-leƙe. Na'urar ɗaukar hoto tana bin sa, kwamfuta tana lissafa daƙiƙun da ya yi a ƙasa da waɗanda ya yi a sama. A 2014 wasu masana a Amurka suka jiƙa manyan kifaye cikin ruwa mai THC na ɗan lokaci, suka ga sun rage hawa sama, sun koma yawo a ƙasa a sanyaye, alamar fargaba da mutuwar jiki. A wannan shekarar dai, a Jami'ar Bonn ta Jamus, aka koya wa kifaye inda abinci yake a cikin akwati, aka ba su THC, sai tuna wuri ya gagare su. A Barazil kuwa, a 2015, an ga cewa CBD daidai gwargwado yana rage wa kifin tsoro, amma da aka ƙara yawansa sai amfanin ya ɓace, tunawa kuma ta raunana.

Gwajin da ya fi tayar da hankali shi ne wanda aka wallafa a 2018 daga Jami'ar Alberta ta Kanada. An sa ƙwan kifin cikin ruwa mai THC ko CBD na awa biyar kawai, a daidai lokacin da sassan jiki ke fara rabuwa, sa'an nan aka wanke su aka mayar da su ruwa mai tsabta. Duk da haka, 'ya'yan da suka fito bugun zuciyarsu ya ragu, jijiyoyin da ke motsa tsoka sun tsiro ba bisa ƙa'ida ba, kuma da yawansu ba sa zabura idan sun ji ƙara kamar yadda lafiyayyu ke yi. Awa biyar a farkon rayuwa ta bar tabon da ruwa mai tsabta bai wanke ba.

Wajibi ne mu yi hattara a nan. Kifi ba mutum ba ne, ta fata da matsatsin numfashi yake zuƙar sinadarin, kuma sau da yawa ma'aunin da ake zuba masa ya fi wanda ke yawo a jinin mai shan taba. Amma darussa uku da suka fito daga ruwan sun yi daidai da abin da likitoci ke gani a jikin mutane. Na farko, sinadarin yana sauya hali da gaske, ba ya neman izinin tarbiyya. Na biyu, yawa yana da muhimmanci. Wani babban bincike da aka yi a biranen Turai da Barazil, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba sa sha kimanin sau uku wajen haɗarin taɓin hankali, masu shan mai ƙarfi kullum kuwa kusan sau biyar. Na uku, ɗanyen jiki ya fi cutuwa, ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuwa ba ta gama nuna sai ya haura shekara ashirin.

Hujjar mahauci

Da jin wannan, sai a ce ai mahauci ya yi gaskiya. Tun da kifin da bai san kunya ba, bai san uwa ko malami ba, ya canza hali da zarar sinadari ya shiga ruwansa, to me zai sa a zargi saurayin da wannan sinadari ya shiga jininsa? Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma tausayi ne ya haife ta. Sai dai ta tsallake wani mataki. Kifi bai zuba wa kansa komai ba, hannun wani ne ya ɗiga masa. Malaman fiƙihu sun daɗe da rarrabe wannan, inda suka bambanta wanda aka ɗura wa abin maye ko aka yaudare shi ya sha, da wanda ya ɗauka ya sha da gangan. Na farko hukuncinsa kamar na wanda hankalinsa ya gushe da cuta ne, na biyu kuwa ana kama shi da ɓarnar da ya yi, domin shi ya buɗe wa gushewar hankalin ƙofa. Haka ma Aristotal na ƙasar Girka ya kawo misalin mai jifa: da zarar dutse ya bar hannu ba ya dawowa, amma tun farko jefawar tana hannun mai jifan. Idan muka ce saurayin nan ba shi da wani alhaki ko kaɗan, to mun mayar da shi kifi ke nan, mun tuɓe masa rigar hankali wadda ita ce darajarsa. Wanda aka ce ba shi da ikon farawa, an kuma gaya masa a fakaice cewa ba shi da ikon dainawa, wannan kuwa mugun tausayi ne.

Hujjar mai goro

To, shi ke nan tsoho mai goro ya yi nasara? A nan ma kifin yana da abin cewa. Mu duba yadda mai bincike ke aiki. Idan ya ga kifi yana iyo a karkace, ba ya rubuta cewa kifin ba shi da mutunci. Littafinsa yake buɗewa ya tambayi kansa: me aka zuba, nawa aka zuba, a wane shekaru, wa ya zuba? Yana auna ɗumin ruwa ya tsaya wajen digiri 28, yana ba da haske na awa 14 da duhu na awa 10, yana lura ko kifin yana cikin 'yan'uwansa ne, domin wannan kifi ɗan garke ne, wanda aka raina shi kaɗai halinsa kan bambanta ko da ba a zuba masa komai ba. A taƙaice, mai bincike ya ɗauki alhakin ruwan baki ɗaya.

Mu fa, wa ke ɗauke da alhakin ruwan da 'ya'yanmu ke iyo a ciki? Zangon Agege goro da jirgin ƙasa suka gina shi. Tun da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano, fatake suka riƙa sauka a nan suna ɗaure goro zuwa Arewa, wasu kuma suna kawo shanu. A wancan tsari baƙo ba ya sauka a sarari. Yana da fatoma ko maigida wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa a ciniki, idan kuma ya yi abin kunya maigidan ake fara kira gaban sarkin zango. Wani Bature mai nazarin al'umma, Abner Cohen, ya bayyana irin wannan tsari a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969, kuma dattawan Agege sun san shi ba a takarda ba. Yau kuwa yaro ɗan shekara goma sha biyar zai hau bayan tirelar shanu ya sauka kusa da mayankar Oko-Oba, babu wanda ya san sunan ubansa. Zai kama tura baro ko ga-ruwa ko bola-jari, ya wuni cikin rana, ya kwana a bakin shago tare da wasu irinsa. Mutum na farko da zai tambaye shi ko ya gaji, sau da yawa shi ne mai naɗa masa taba, yana ce masa ga maganin gajiya. Masu iya magana sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Misalin dutsen Aristotal ya dace da baligi mai cikakken hankali wanda ya san abin da ke hannunsa. Yaron da bai san ko ganye ne zalla aka ba shi ko kuwa irin haɗin nan na sinadaran kwaikwayo da ake kira Kolorado ba, zaɓinsa ƙanƙane ne, alhakinsa ma daidai girman zaɓin nasa yake.

Tarihinmu ya nuna cewa zafin hukunci kaɗai bai wadatar ba. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noman wiwi, da ɗaurin shekara 10 ga mai sha. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Duk da haka lissafin 2019 ya zo da miliyoyin da muka ambata. Doka tana da aikinta, musamman a kan dillalai waɗanda su ne hannun da ke ɗiga guba, amma doka ba ta kwana a bakin shago tare da yaro.

Akwai kuma masu cewa ai Turawa da kansu sun yarda wiwi magani ce. Gaskiya ne a 2018 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da tataccen CBD don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani ta yara. Amma wannan abu ne da aka tace, aka auna, likita ke bayarwa yana lura, kuma mun ga cewa shi kansa CBD ɗin bai bar ɗan tayin kifi lafiya ba. Nisan da ke tsakanin kwalbar likita da ƙullin takarda na bayan layin dogo, shi ne nisan da ke tsakanin ma'auni da rashinsa.

Bashin kifi

Saura tambaya guda da ba za mu tsallake ba. Shi kifin, da wane haƙƙi muke bugar da shi? Shi ma rai ne, kuma tun 2003 Lynne Sneddon da abokan aikinta suka nuna cewa kifi yana da jijiyoyin da ke karɓar raɗaɗi. Masana ba su yi watsi da wannan ba. Tun 1959 William Russell da Rex Burch a Ingila suka shimfiɗa ƙa'idoji uku: a maye gurbin dabba da wani abu idan zai yiwu, a rage yawan waɗanda ake amfani da su, a kuma sauƙaƙa musu wahala. Dokar Tarayyar Turai ta 2010 ta ba kifi kariya tun daga lokacin da ya fara cin abinci da kansa, wato wajen kwana biyar ga kifi mai ratsi. Daga nan mai bincike sai ya nemi izini, ya faɗi adadin da zai ɗauka da dalilinsa. A ganinmu, abin da kaɗai zai halatta wahalar da waɗannan halittu shi ne amfanin da sanin zai yi wa masu rai. Idan an sami sanin aka ajiye shi a ɗakin karatu, bai isa kunnen uwa mai ciki ko maigidan da ke da yara goma a shagonsa ba, to kifin ya wahala a banza, bashinsa kuma yana wuyanmu mu da muka iya karatu. Abin kunya ne a ce akwai inda ake ƙirga 'ya'yan kifi ɗaya bayan ɗaya ana rubuta ranar haihuwarsu, alhali a zangonmu babu mai iya faɗin yara nawa suka sauka daga mota a makon jiya.

Kammalawa

Amsar da muka iso gare ta ita ce, alhaki ba ya ɓacewa, rabuwa yake yi, kowa da kasonsa gwargwadon ikonsa da saninsa. Mashayi yana da nasa, kuma dole a gaya masa haka, domin ta nan ne zai san cewa dainawa ma tana hannunsa. Dillali yana da kaso mafi nauyi. Mu kuma da muke zaune a kan benci muna kallo muna da namu, tun da mu ne masu ruwan. Sauke wannan kaso ba ya bukatar kuɗin gwamnati. Masu sarautar Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin sana'a da limamai za su iya farfaɗo da aikin fatoma, ta yadda duk yaron da ya sauka za a san sunansa da garinsu da wanda zai tsaya masa. Wanda abin ya riga ya taɓa wa ƙwaƙwalwa a kai shi wurin likita, ga asibitin masu taɓin hankali na Yaba nan tun 1907, maimakon a ɗaure shi da mari ko a sa shi a mota a tura wa tsohuwarsa a ƙauye. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gwajin Alberta ma abin da ya nuna ke nan da harshen masana.

Da za mu koma wancan dare, da mun ce wa tsoho mai goro, Baba, kana da gaskiya, yaron nan yana da laifi, mu ce wa mahauci kai ma kana da gaskiya, hayaƙin yana da ƙarfi. Sa'an nan mu tambayi majalisar baki ɗaya, har da mu kanmu, a ina yaron nan yake kwana, kuma wane ne a cikinmu zai tashi ya bi bayansa ya kira shi ya sha shayi.